Wan Mijina Ya Ce A Yanke Hannu, Yau Ƙafarsa Ake Shirin Yankewa

Anti Mai Shawara, don Allah ki taimake ni, kuma ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Akwai wata magana a bakina, in na faɗe ta wataƙila a ceci ƙafar wan mijina, in na yi shiru a yanke ta. Ba zan ɓoye miki ba, shirun nake so in yi. Ban gaya wa kowa ba sai ke, don ke ce ba ki san fuskata ba.

Maigidana da wansa gidan burodi suka gada daga mahaifinsu. Yaya, haka duk muke kiransa har da ni, shi ke riƙe da makullai da masu sari da babbar murya. Nawa kuwa shi ne cikin fulawa, tun daga kwaɓi har fitar da gwangwanaye daga tanderu. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka taka shi, shi zai riga ka ba da haƙuri. Lokacin da na aure shi wannan halin ne ya burge ni. Yanzu wani lokaci ji nake kamar in kama kafaɗunsa in girgiza shi.

A gidan burodin akwai injin murza kwaɓi, mai manyan ƙarafa biyu da ke juyawa suna haɗiye duk abin da aka miƙa musu. Makunninsa na jikin bango, bayan wani ginshiƙi, ta yadda wanda ke wurin makunni ba ya ganin wanda ke bakin inji. Shi ya sa marigayi surukina ya kafa doka tun suna yara: duk wanda zai sa hannu cikin inji don kankare busasshen kwaɓi, sai ya cire hularsa ya rataye a kan makunni. Muddin hula na wurin, ko gobara ce ta tashi ba mai taɓa shi. Sabon ma'aikaci, kafin a nuna masa inda buhunan fulawa suke, wannan ake fara koya masa. Yaya da kansa ya sha korar mutane a kan dokar nan.

Ranar da abin ya faru da rana ne tsaka. An ɗauke wuta, sai maigidana ya ce bari ya wanke inji kafin a dawo da ita. Ya rataye hularsa, ya zura hannu. Wuta ta dawo, Yaya ya shigo a fusace don wani mai otal na ta damunsa a waya, ya fizge hular ya danna. Hannun dama ne, Anti. Inji ya saɓule fatar tun daga wuyan hannu, ya murƙushe ƙasusuwan yatsu, ya tsinke jijiya. Da na isa asibiti na tarar an naɗe hannun cikin tawul, da idona na ga abin da ke ciki.

Duk wannan zan iya kiransa tsautsayi. Mutum yakan yi gaggawa. Abin da ya biyo baya ne ya ƙi wuce mini a wuya. Tun maigidana na ɗakin tiyata Yaya ya tara dangi a baranda, ya shafa wa idonsa toka ya ce ƙanensa ne ya manta bai rataye hula ba, wai dama kwanan nan hankalinsa ba ya jikinsa. To in bai rataye ba, ai da a kansa take. Ni na karɓe shi a asibiti, kansa babu komai. Daga baya dattijon da ke kula da tanderu ya same ni a gefe ya ce da idonsa ya ga Yaya ya cire hular, amma shi mai iyali ne, ba zai iya maimaitawa a gaban kowa ba. Maigidana ma ya tuna sarai ya rataye. Da na ce ya tashi ya faɗa, sai ya ce in bar maganar, ai Yaya ne, kuma mahaifiyarsu ba ta da lafiyar jin wannan.

Likitan farko ya ce da wuya hannun ya yi, gara a yanke daga wuyan hannu. Wata likita mace kuma ta ja ni gefe ta ce akwai wani sashe a babban asibiti da suke gwada sabuwar hanya, in muna so za ta tura mu, amma abin zai ja lokaci kuma babu tabbas. Yaya na tsaye yana kaɗa makullin mota. Ko kallon gadon bai yi ba ya ce a yanke kawai a huta, shi yana da burodi a wuta, ba zai yi ta zaryar asibiti a kan hannun da ya riga ya mutu ba. A yanke a huta. Wallahi har yau in ina wanke-wanke kalmomin nan sukan faɗo mini.

Na ƙeƙasa ƙasa na ce ba za a yanke ba. Ni da ba na iya ɗaga ido a gaban surukai, ranar har sai da nas ta ce in rage murya.

Abin da aka yi a sashen nan, ni kaina da ba a gabana aka yi ba da zan ce tatsuniya ce. Sun yanki 'yar fata daga cinyarsa, ba ta fi farcen babban yatsa ba, suka kai ɗakin bincike suka raine ta har ta yaɗu ta zama shimfiɗa siririya kamar ɓawon albasa, suka lulluɓe inda inji ya saɓule. Inda ƙashi ya ɓace suka sa wani abu mai huji-huji kamar soso, wanda aka ƙera daidai da giɓin, suka jiƙa shi da ƙwayoyin da suka zuƙo daga ɓargon ƙugunsa, suka ce sannu a hankali jiki zai gina ƙashinsa a kai. Jijiyar kuma suka haɗa bakinta biyu da wani siririn bututu don ta bi ta cikinsa ta tsiro. Suka gargaɗe mu cewa jijiya ba ta da sauri, sai mai haƙuri.

Haƙurin kuwa ni na yi shi. Ni ke wanke ciwo, ni ke yi masa wanka, ni ke ɓalle masa maɓallin riga, ni ke zama da shi a layin masu gashin ƙashi yana koyon tsintar maɓallai daga faranti kamar yaron goye. Fatar farko ta wani gefe ba ta kama ba, aka sake. Na sayar da keken ɗinkina. Duk tsawon lokacin nan Yaya sau nawa ya leƙo? In ya zo ma sai ya tsaya a bakin ƙofa yana toshe hanci, yana cewa an mayar masa da ƙane ɓeran gwaji. A wurin aiki ya raɗa masa suna Dungu, tun hannun na naɗe cikin bandeji, har ma'aikata suka ɗauka. Ya kawo ƙanen matarsa ya ɗora a wurin maigidana.

Yau hannun na nan. Ƙaramin yatsa ya tafi, sauran ba sa dunƙulewa gaba ɗaya, sabuwar fatar ba ta gumi, kullum sai an shafa mata mai, kuma ba ta jure zafin tanderu. Amma yana rubutu, yana cin abinci da shi, yana ɗaukar autarmu. Ranar da ya fara jin zafin kofin shayi a tafinsa ya saki kofin ya fashe, muka zauna ni da shi muna dariya muna kuka a kan fasassun.

To Anti, ga inda Allah Ya juyo da lamarin. Yaya na da ciwon suga, kuma ba ya jin magana, likita ya hana shi abu ya ce shi ba yaro ba ne. Gwangwani mai zafi ya faɗo masa a ƙafa bai ma ji ba, wurin ya zama gyambo, gyambon ya ƙi warkewa. Yanzu ƙafar ta fara wari, matarsa ta rame, asibitinsu sun ce in ya koma ba a ga canji ba, za su yanke daga ƙasan gwiwa. Tun farkon ciwon Yaya, maigidana, wai shi mai ɗan'uwa, ya je sashen nan ya tambaya, aka ce masa a lokacin masu haɗari kawai suke karɓa. Kowa ya cire rai daga can.

Sai kwanan nan wata nas ta sashen da muka shaƙu da ita ta kira ni, don lambata ce a wurinsu tun lokacin da maigidana ba ya iya riƙe waya. Ta ce yanzu sun fara karɓar masu gyambon suga, ta tuna mun taɓa tambaya, in mai ciwon na nan a kawo shi da wuri kafin ruɓar ta kai ƙashi. Na yi mata godiya, na kashe waya, na ci gaba da tankaɗe. Ban gaya wa maigidana ba, don na san ko takalmi ba zai tsaya sawa ba.

Ga abin da na ƙudura. Zan yi shiru har a yanke. Bayan an sallamo shi zan yi girki mai kyau, in zuba a kula, in yi kwalliya in je dubiya. In zauna kusa da gadon, in yi masa sannu da murya mai taushi, sannan in gaya masa cewa akwai hanya, an kira ni, amma na ga gara a yanke kawai a huta. Na maimaita wannan a raina har na haddace inda zan yi shiru in kalli idonsa. Ina so ya ji abin da na ji a barandar nan. Ina so a raɗa masa suna shi ma.

Abin da ya ɗan dagula ni, surukata ta zo jiya ta riƙe hannuna ta ce in sa ɗanta a addu'a, ni ce na san zafin jinya. Na ce to. Abinci bai shiga cikina ba ranar.

Ki gaya mini gaskiya. Ni ban ɗora masa ciwo ba, ban danna wani makunni ba, shiru kawai na yi. Shiru laifi ne? In kuma dole sai na faɗa, ba zan iya sa masa sharaɗi ba, ya tara dangin nan ya faɗi wanda ya cire hula, sannan in ba shi lambar nas ɗin?

Taki, Matar Mai Kwaɓi

*

Ƙanwata Matar Mai Kwaɓi,

Na tura miki wannan amsa ta adireshin da kika rubuto tun ranar da wasiƙarki ta iso, ban jira ranar fitowar shafi ba, domin gyambon suga ba ya jiran jarida. Ina fata kafin masu karatu su ga wannan kin riga kin yi abin da zan gaya miki.

Da farko, fushinki ba hauka ba ne. An cuce ku. Cire hular gaggawa ce, amma ƙaryar da aka yi a baranda da hankali aka yi ta, kuma raɗa wa mai jinya sunan ba'a mugunta ce tsagwaronta. Kin tsaya inda kowa ya ja da baya, hannun da mijinki ke cin abinci da shi yau, bayan ikon Allah da aikin likitoci, taurin kanki ne. Ba wanda ya ce miki sannu yadda ya kamata. Ni na ce: sannu, Allah Ya saka miki.

Zan kuma ce wani abu game da Yaya, ko da ba zai yi miki daɗi ba. Mutumin da ya san shi ya danna makunni, ganin hannun nan kullum azaba ne a gare shi. Ina zaton shi ya sa ya so a yanke, shi ya sa ba ya iya shigowa ɗaki, shi ya sa ya mayar da abin ba'a. Wannan bai wanke shi ba ko kaɗan. Ina dai so ki san cewa da matsoraci kike faɗa, ba da dodo ba.

Yanzu tambayarki. E, wannan shirun laifi ne, kuma kin sani, da ba ki sani ba da abinci ya shiga cikinki. Nas ɗin ba hira ta kira ki ku yi ba, saƙo ta ba ki zuwa ga mai ciwo. Riƙe saƙon da gangan don a yanke ƙafa aiki ne, ko da ba ki motsa daga wurin tankaɗenki ba. Ke da kanki kin ba ni labarin yadda mutum ke tsayawa a bayan ginshiƙi ya yi abu, wani ya ɗauki raunin.

Ni ba likita ba ce, don haka na tambayi wata likita da na yarda da ita. Ta ce sababbin hanyoyin nan na raino fata da ƙwayoyin jiki suna taimaka wa wasu masu gyambon suga, amma ba kowa ba. Sai an duba ko jini na isa ƙafar, ko ƙwayoyin cuta sun shiga ƙashi, ko mai ciwon zai kiyaye sugansa. Ana iya duba shi a ce lokaci ya wuce. Saboda haka kada ki yi wa dangi alkawarin warkewa, kuma ki daina ganin kamar ƙafarsa na tafin hannunki. Abin da ke hannunki damar a duba shi ce kawai, kuma kullum damar raguwa take.

Batun sharaɗi kuwa, ki ajiye shi. Ba don Yaya ba, don ke. Abin da kike nema a ƙasan duk wannan shi ne a wanke mijinki. To gaskiyar da aka tatsa daga bakin mutum yana kwance ana shirin yanke masa ƙafa, wa zai yarda da ita? Cewa za a yi ya faɗa ne don ya tsira, ke kuma ki zama matar da ta yi ciniki da ƙafar wan mijinta. Ƙaryarsa ta ƙara ƙarfi, ku ku koma masu laifi. Shirin dubiyar nan da kika haddace ma haka zai ƙare. Daɗinsa ba zai kai ki bakin ƙofa ba, kuma ba Yaya kaɗai zai ji maganar ba, mijinki zai ji, surukarki za ta ji. Ko ba ki faɗa ba, ranar da mijinki ya koma ganin likita nas ɗin za ta tambaye shi ina mai ciwon da aka ce a kawo.

Ga abin yi. Yau ɗin nan ki zaunar da mijinki ki ba shi saƙon da lambar. Ki gaya masa ranar da aka kira ki, kada ki rage, ki kuma gaya masa dalilin da ya sa kika riƙe. Zai ji zafi, amma ya kamata ya san inda haƙurinsa ya kai ki. Shi ya yafe ko ya haɗiye, ya bar ki da ɗaukar fushin mutum biyu, wannan ba adalci ba ne, kuma ki faɗa masa haka. Daga nan aikinki a kan ƙafar ya ƙare. Ban ce ki je dubiya ba, ban ce ki yi girki ba, ban ma ce ki yafe ba. Yafiya ba a yi wa mutum odarta.

In ƙura ta lafa, ko da ƙafa ko babu, sai a buɗe maganar hula da rana tsaka, ba a bakin gadon asibiti ba. Ku nemi babba ɗaya a dangi wanda Yaya ke jin nauyinsa. A gaban waɗanda suka ji ƙaryar za a gyara ta. Mijinki ya yi magana da bakinsa, don haƙƙinsa ne, kuma kada a jawo dattijon tanderu sai da yardarsa da tabbacin ba za a taɓa aikinsa ba. A nan ne za a yi maganar matsayin mijinki a gidan da shi ma gadonsa ne, da sunan banzan da dole a daina kiransa da shi. Ku sa a kira mai gyaran wuta ya dawo da makunnin inda ake ganin inji, a yi masa akwati da kwaɗo, makulli a aljihun mai wankewa. Akwai wasu hannayen a gidan burodin nan. In mijinki ya ƙi duk wannan, kina da damar ki faɗa wa Yaya abin da kika sani sau ɗaya, ido da ido, ki tashi abinki.

Abu na ƙarshe, ki yi tunaninsa da kyau. A ce an yanke. Kin san mijin da kike aure. Wa kike tsammani zai riƙa ɗaga Yaya daga gado, ya kai shi banɗaki, ya tura kekensa, ya cicciɓe shi zuwa mota duk ranar asibiti? Ƙanen matarsa ba zai yi ba. Mijinki ne zai yi, shekara da shekaru, ba tare da an roƙe shi ba, kuma da wannan hannun zai yi, mai fatar da ba ta son wahala, wanda kika sayar da kekenki kika tsaya a kansa. Ramuwar da kika shirya wa Yaya, a kan hannun mijinki za ta sauka.

Tashi ki kira mijinki. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya ƙara wa maigida lafiya, Ya ba mai ciwo sauƙi, Ya kuma bayyana gaskiya ke kina raye kina gani.

Antinki Mai Shawara